Yaran Dei-Dei na buƙatar dandalin wasa da mabuɗinsa ke hannunmu

Duk wanda ya bi babban titin Kubwa zuwa Zuba ya san Dei-Dei da hada-hadar ciniki. Ga kasuwar kayan gini inda tireloli ke sauke siminti da rodi da tayil, ga 'yan katako, ga kara da ake kawo shanu da raguna daga Arewa, ga 'yan tumatir. Abin da mai wucewa a mota ba ya lura da shi shi ne tarin yaran da ke bayan waɗannan shaguna, a Saburi da Dakwa da Kagini da lungunan cikin gari, da kuma rashin wurin da za su sake su yi wasa. Fili a nan kuɗi ne. Inda yara suka buga ƙwallo bara, bana an haƙa harsashin gini ko an jibge bulo. Shi ya sa wasan ya tattara ya koma cikin waya.

Tsaya gaban kowane teburin cajin waya bayan Isha'i, za ka ga samari huɗu ko biyar a kan benci, kawuna a sunkuye, manyan yatsu na ta rawa a kan gilashi. PUBG Mobile ne, ko Free Fire, ko Call of Duty Mobile. Can sai ɗaya ya zabura ya buga cinya ya ce, "Wallahi ni na fara harbi!" Abokansa su yi masa dariya, amma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Shi ya fara dannawa. Saƙonsa ne ya makara a hanya.

Wasan da mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet ba a cikin wayoyinsu ake yanke hukuncinsa ba. Akwai wata kwamfuta a tsakiya, wadda ake kira sabar, wasu kuma su ce uwar garke. Ita ke karɓar motsin kowa, ta tantance wanda ya riga wani, ta mayar wa kowa da sakamako. Idan tana Turai, saƙon yaron Dei-Dei sai ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku irin ta MainOne mai tsawon kusan kilomita 7,000 zuwa Fotugal, ya ƙara gaba zuwa cikin Turai, sannan ya juyo ta wannan hanyar. Haske a cikin wayar fayiba yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa guda, kuma babu kamfanin da ya isa ya ƙara masa sauri. Zuwa da dawowa kusan kilomita 20,000 ke nan, wato ko komai ya tafi daidai, kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya riga ya salwanta kafin a yi maganar raunin sabis. Yaron da ke zaune kusa da sabar ya gama da namu tun kafin namu ya gan shi. Su kuwa wayoyin da ke haɗe da sabar da ke ɗaki ɗaya da su, jinkirinsu bai kai a ambata ba.

Amma ba makarar harbi ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Tambayar da ta fi damuna ita ce: wa ke da wurin da 'ya'yanmu ke hira a cikinsa kowane dare?

Mu da muka tashi da dandali mun san yadda yake. Ana langa, ana gaɗa, dattawa na gefe suna dara, kuma duk yaron da ya shigo an san ɗan gidan wane ne. Baƙo ba ya ratsowa ya ja yaro gefe ba tare da ido ya gan shi ba, in dare ya yi kuma murya ɗaya ta babba ta isa ta watsa taron. Sabar kamfani dandali ce da ba mu san mai unguwarta ba, ba ta da lokacin tashi, kuma ribar mai ita tana ƙaruwa ne da daɗewar yaro a ciki da yawan abin da ya saya. Wannan ba zato ba ne. A Disambar 2022 kamfanin Epic Games mai wasan Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tuhume shi da tattara bayanan yara da kuma yi wa 'yan wasa dabarar da ke sa su sayi abin da ba su yi niyya ba. Tun 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasu wasanni caca ce tsagwaronta. A Agustan 2024 Turkiyya ta toshe wasan Roblox saboda fargabar cutar da yara. Ƙasashen da ke da ƙarfin ja da waɗannan kamfanoni ke nan. Mu a nan, uba mai sayar da kwano a Dei-Dei ba shi da lambar da zai kira.

Iyaye a wajenmu sun kasu biyu. Wasu su ƙwace waya su haɗa da bulala, yaron kuma ya je ya ari ta abokinsa, ya koyi ɓoyewa. Wasu su kau da kai, tunda dai yaro yana zaune wuri ɗaya bai shiga shaye-shaye ba. Ra'ayina shi ne akwai hanya ta uku, mai arha kuma a hannunmu: mu kafa ƙananan sabar wasa namu na kanmu, na gida ɗaya, ko layi ɗaya, ko makaranta ɗaya, inda mu ke da ikon cewa wane ya shiga, wane ya fita, da ƙarfe nawa za a rufe.

Kada wani ya ce abin ya fi ƙarfinmu. Samarin da suka yi zamanin Mini Militia a makarantun kwana da jami'o'i sun riga sun yi shi ba tare da sun ba shi suna ba. Mutum ɗaya ya kunna hotsfot, ya buɗe wasa, saura su shigo, ba a ƙona data ko ta sisi ba. Wayarsa ita ce sabar a wannan daren. Abin da nake magana a kai shi ne a ɗauke wannan aiki daga waya a ɗora wa na'urar da za ta zauna wuri ɗaya, ta riƙe duniyar wasan yau da gobe, ko wanda ya kunna ta ya tafi aike.

Dole a faɗi gaskiya tun da wuri: wasannin da yaran suka fi so ba sa ba da wannan dama. PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty Mobile suna barin ka buɗe ɗaki na musamman ka gayyaci abokai da lambar sirri, kuma hakan ya fi faɗawa cikin baƙi, amma ɗakin yana kan injin kamfani ne. Duk wanda ya turo wa ɗanka wata manhaja ya ce ita ce "sabar sirri" ta waɗannan wasanni, mai ba da makamai da kuɗin wasa kyauta, to tarko ne. Mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne a rufe asusun yaron, mafi muni kuma manhajar ta karanta saƙonnin banki a wayar uwarsa da ya ara.

Wasannin da suka yarda ka kafa taka sabar bisa ƙa'ida suna nan da yawa. Minecraft, wanda kamfanin Mojang na Suwidin ya fitar a 2011, Microsoft ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 2.5, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 300, yana ba da manhajar sabar kyauta, sai dai kowane ɗan wasa zai sayi nasa wasan. Ga wanda aljihunsa bai kai nan ba akwai Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a sauya masa suna a 2024. Shi ma na gini ne da tubala, kyauta ne gaba ɗayansa, yana tafiya a wayar Android mai ƙaramin ƙarfi, kuma duk mai so zai iya buɗe cikinsa ya gyara. Akwai SuperTuxKart na tseren motoci, akwai Mindustry na kafa masana'anta da kare ta. Masu gidajen gem da ke da kwamfutoci kuwa sun san Counter-Strike, wanda tun shekarar 2000 ake kafa masa sabar a ɗakuna a duk duniya.

Kayan aikin ba su da yawa. Tsohuwar laftof ta gwanjo, irin wadda allonta ya tsage ko wasu maɓallanta suka mutu har mai ita ya jefa ta ƙarƙashin gado, ta isa, muddin ƙwaƙwalwar aikinta ta kai gigabayit 4 zuwa 8. A goge ta, a sa mata tsarin Linux mai suna Ubuntu, wanda shi ma kyauta ne. A haɗa ta da rauta ta hanyar kebul, kada a dogara da iska, a ba ta adireshi tsayayye a cikin rautar don kada yara su riƙa nemanta kullum. A sauke manhajar sabar daga shafin masu wasan na asali, a kunna. Kowane wasa yana da lambar ƙofar da yake saurare ta ciki: Minecraft na kwamfuta 25565, na waya 19132, Luanti 30000. Yaro ya haɗa wayarsa da rautar, ya rubuta adireshi da lambar, shi ke nan ya shiga. Bayan saukewar farko, wasa irin Luanti a cikin gida ba ya buƙatar intanet ko kaɗan, abin da ba ƙaramar magana ba ce tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Na zaɓi laftof da gangan saboda wuta. Batirinta na riƙe sabar idan an ɗauke, ƙaramin fawa bank kuma ya riƙe rautar, kuma ɗauke wuta farat ɗaya shi ke lalata fayil ɗin da duniyar wasan ke ciki. Cinta bai wuce wat talatin ko arba'in ba, ƙasa da tsohon ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa. In ta yi awa biyar kullum, ko a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa masu wutar lantarki 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin wutarta a wata bai fi dubu ɗaya da 'yan kai ba. Wanda ke da ƙaramin sola a shago ba zai ma ji ta ba. A ɗora ta bisa abin da iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe mata ƙura, domin ƙurar Dei-Dei da zafin Maris sun fi kowane ɗan kutse saurin kashe inji.

Wahalar tana farawa ne ranar da yaro ya ce yana so ɗan baffansa da ke Kano ko Suleja ya shigo. Galibinmu da layin waya muke hawa intanet, kamfanonin waya kuma ba sa ba kowane mai layi adireshinsa na kansa a fili. Adireshin tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba a duk duniya, ya yi kaɗan, don haka sai su tara ɗimbin mutane a bayan guda ɗaya. Kai kana iya fita ka nemi wasu, amma na waje ba ya iya ƙwanƙwasa maka kai tsaye, komai buɗe ƙofar da ka yi a rautarka. A nan ne mafi yawan masu gwadawa ke karaya, suna zaton su ne suka kasa. Mafita biyu ce. Ta farko, manhajoji irin Tailscale ko ZeroTier, masu haɗa na'urori da ke garuruwa daban-daban su zama tamkar a gida ɗaya suke, kuma ba wanda zai shiga sai wanda ka amince masa. Ga 'yan uwa da abokai kaɗan wannan ta fi, don ba ta bar ƙofar gidanka a buɗe ga duniya ba. Ta biyu, a yi hayar ƙaramin inji a wata cibiyar ajiyar bayanai ana biya wata-wata. Na ƙasashen waje da dala ake biya, kowa kuma ya san inda dala ta kai tun bayan sakin naira a Yunin 2023, daga ɗari huɗu da wani abu zuwa sama da 1,500 a 2024. Idan za a yi haya, a tambayi kamfanin tambaya ɗaya: a wane gari injin yake a zahiri? Wasu ofishinsu na Najeriya, injinsu na Jamus.

Amsar wannan tambaya tana da nauyi. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi ta tangal-tangal a Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Abin da ke zaune a cikin ƙasa bai dogara da waɗannan wayoyi ba. Muna da cibiyar musayar intanet ta IXPN tun 2006, da rassa a Legas da Abuja da Kano da wasu birane, aikinta shi ne saƙon ɗan Najeriya zuwa ga ɗan Najeriya ya tsaya a gida. Kowace ƙaramar sabar da aka kafa a nan ƙarin dalili ce ga kamfanonin sadarwa su riƙa haɗuwa a Abuja maimakon zagayawa.

Wani Alhaji mai shagon fenti da muke gaisawa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. Amma ni so nake yaron nan ya bar wasa ya kama karatu, kai kuma kana cewa in gina masa gidan wasa?" Na ce, "Alhaji, wasan nan yana yin sa ko ka gina ko ba ka gina ba. Bambancin shi ne wannan kai ke da makunninsa." Maganarsa ba ta banza ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukanta a 2019, ƙasar Sin kuma a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa uku a mako. Amma abin da Sin ta yi da dokar ƙasa, mai sabar gida yana yin sa da layi biyu na umarni: ta kunnu bayan an taso daga Islamiyya, ta mutu kafin kiran Magariba, ranar jarrabawa kada ta tashi sam. Akwai jerin sunayen waɗanda aka yarda su shiga, duk wanda ba ya ciki ƙofa ba ta buɗe masa. Hirar da aka yi a rubuce tana ajiye, wanda ya yi ashar a dakatar da shi kwana biyu, kuma wanda ya dakatar da shi mutum ne da zai haɗu da ubansa a masallaci.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba, wato 'yan mata. Ba uban da zai bar 'yarsa ta zauna a gidan gem cikin samari, kuma yana da hujja. Sakamakon shi ne sabawa da kwamfuta tun yarinta, wadda wasa ke kawowa, ta zama ta maza kaɗai. Sabar cikin gida, ko ta ajin 'yan mata a makaranta, tana buɗe musu wannan hanya ba tare da sun taka ƙofar gida ba.

Na fi karkata ga wasannin gini saboda Dei-Dei ce. Yaron nan ya buɗe ido ya ga ana auna katako, ana ƙirga bandir ɗin kwano, ana lissafin bulo nawa ɗaki zai ci. A ba shi fili a cikin wasa a ce shi da abokansa su gina layinsu yadda yake, sannan su sake gina shi yadda suke so ya zama, da magudanar ruwa da wurin ajiye babura da filin ƙwallo. Wannan ba mafarki ba ne. Tun 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai ta haɗa kai da Mojang a shirin Block by Block, inda mazauna unguwa ke zana wuraren taruwarsu a cikin Minecraft kafin a gina, kuma unguwar Kibera ta Nairobi tana cikin inda aka fara. Garin nan namu da ya ga abin da ya faru ranar 18 ga Mayun 2022, lokacin da rikicin 'yan acaba da 'yan kasuwa ya ci rayuka, aka ƙona sashen kasuwar katako, har ministan Abuja na lokacin Muhammad Musa Bello ya rufe kasuwar, ya san tsadar rashin sanin juna. Ba na cewa wasa zai magance wannan. Amma wurin da ɗan Bahaushe da ɗan Ibo da ɗan Gbagyi za su haɗu su gina abu ɗaya a ƙarƙashin doka ɗaya ba shi da yawa a garin nan, kuma ban ga dalilin raina ko da ƙarami ba ne.

Mallaka ma abin dubawa ce. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe sabar wasan The Crew, waɗanda suka saye shi da kuɗinsu suka wayi gari ba ya buɗuwa. Abin ya harzuƙa 'yan wasa har suka tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya a 2025 suna neman Tarayyar Turai ta hana irin haka. Duniyar da yara suka gina a sabar gida kuwa fayil ce da za a kwafa a filash duk Juma'a a ajiye a aljihun tebur.

Riƙe makunni amana ce, kuma tana da sharuɗɗa da ba na sassautawa a kansu. Kada a kafa sabar a kwamfutar da ake lissafin shago ko harkar banki da ita. A riƙa sabunta manhaja: ɓarakar Log4j da ta girgiza manyan kamfanonin duniya a Disambar 2021, a sabar Minecraft aka fara nuna ta a fili, inda saƙo ɗaya a akwatin hira ya isa a ƙwace inji. Kada babba ɗaya ya zama shi kaɗai ke da iko a kan sabar yara, a sa biyu ko uku, iyaye kuma su san su. Kada a karɓi hoton yaro ko cikakken sunansa, laƙabi ya isa. Sannan kuɗi. Mai gidan gem ya karɓi kuɗin zama na awa ko na wata, halalinsa ne. Amma ranar da aka fara cewa kowa ya ajiye ɗari biyu wanda ya ci ya kwashe, an buɗe gidan caca ne, a rufe shi a ranar.

Wanda zai fi cin moriyar wannan aiki shi ne matashin da aka damƙa wa kula da injin. Cikin 'yan watanni zai san Linux, ya san adireshi da ƙofofi, ya san yadda ake ajiye kwafi da dawo da shi, ya koyi karanta rahoton inji don gano abin da ya kashe shi cikin dare, ya kuma koyi sasanta mutum goma da kowannensu ke ganin shi aka zalunta. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku ya sa tsaron intanet da kula da injinan gajimare da ƙirƙirar wasanni cikin darussansa, kuma duk a kan irin wannan ilimi suke tsaye. Yaron da ya taɓa tayar da sabar da ta faɗi alhali abokansa na tsaye a kansa suna jira, ba baƙo ba ne ranar da ya shiga irin wannan aji.

Masu makarantu masu zaman kansu a Dei-Dei da Saburi, da yawansu suna da ɗakin kwamfuta da ake buɗewa kawai ranar da iyaye suka zo zagaye. Su ne ya kamata su fara: inji ɗaya, rauta ɗaya, malami ɗaya da ɗalibai biyu masu kula, yammacin Asabar daga La'asar zuwa Magariba, a gayyaci iyaye su zauna su ga abin da ake yi kafin a rubuta sunan ɗan kowa a jerin masu shiga.